Idan Farfaɗiya Ta Ƙi Jin Magani: Bayani Kan Ƙarin Magani Na Biyu

  

'Yan uwa, daga cikin tambayoyin da ke yawan zuwa mana daga iyaye a Adjamé da Treichville akwai ta mai ciwon farfaɗiya. Yaro ya shekara biyu yana shan magani, ciwon ya ragu amma bai daina tashi ba, sai likita ya rubuta wani magani ya ce a haɗa da na farko. Daga nan sai gida ya rabu biyu. Wasu su ce ai da ciwon asibiti ne da tuni ya warke, wannan aikin iska ne, a dakatar da ƙwayoyin a koma wajen masu ruƙya. Wasu su ce likita kuɗi yake nema. A tsakanin waɗannan maganganu ake ajiye magani, kuma a tsakaninsu ake rasa rai. Shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi bayanin wannan mas'ala ta fuskar likitanci da ta shari'a, gwargwadon abin da Allah Ya sawwaƙe. Bayanin ba zai tsaya a madadin likita ba, sai dai zai taimaka wa mutum ya san abin da likitan yake nufi, ya kuma san tambayar da zai yi masa.

Mece ce farfaɗiya?

Allah Ya halicci ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa, suna aika wa juna saƙo da wata 'yar wutar lantarki maras ƙarfi. Da wannan saƙon ne hannu ke motsi, ido ke gani, harshe ke magana. Idan wasu daga cikin ƙwayoyin nan suka saki wutar gaba ɗaya ba bisa tsari ba, kamar yadda wayoyin lantarki ke haɗuwa su yi tartsatsi, sai ciwon ya tashi. In tartsatsin ya game ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi, ya sandare, ya yi jijjiga, kumfa ta fito. In ya tsaya a sashe guda, sai dai a ga hannu yana rawa, ko mutum ya ƙura ido yana taune-taune, ana kiransa ba ya amsawa. Akwai kuma nau'in da ke kama yara, wanda yaro zai yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, malamin makaranta ya ɗauka rashin hankali ne ga karatu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da wannan ciwo a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Dalilin yawansa a wurinmu sananne ne: zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, wahalar haihuwa da ta hana jariri numfashi da wuri, buguwar kai a haɗarin gbaka ko babur, da shanyewar jiki sakamakon hawan jini. Akwai kuma tsutsar alade da ke yin ƙunzugu a ƙwaƙwalwa. Kada Musulmi ya ce ai shi ba ya cin alade, domin ƙwan tsutsar ta bayan gidan mai ɗauke da ita yake fita, ya shiga ruwa ko ganye ko hannun mai girki. A shekarar 1992 likitoci sun ba da rahoton samun wannan cuta a gidajen Yahudawa masu riƙo da addininsu a birnin New York na Amurka, alhali su ma ba sa cin alade. Wasu masu farfaɗiyar kuma duk binciken da za a yi ba za a gano sababinta ba.

Abu biyu ya kamata su zauna a zuciya tun daga nan. Farfaɗiya ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko kumfa ko tusa ko cin abinci a kwano ɗaya.

Abin da magabata suka faɗa

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Aɗa'u ɗan Abu Rabah cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya nuna masa wata mata baƙar fata ya shaida masa 'yar Aljanna ce. Ta je wa Manzon Allah (SAW) ta kai kukan cewa tana faɗuwa, kuma tsiraicinta na bayyana, ta nemi addu'a. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da samun Aljanna, ko ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi ya yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, ya kuwa yi mata. A wata ruwayar Bukhari an ambaci sunanta Ummu Zufar. Ku duba, 'yan uwa: ba a kore ta daga majalisi ba, ba a guje ta ba, babban sahabi ne ke nuna ta yana yabo. To ina hujjar wanda ke hana 'yarsa makaranta ko ya ɓoye ɗansa a ƙuryar ɗaki saboda wannan ciwo?

Hadisin bai hana neman magani ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta tana da magani in banda tsufa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya kasa faɗuwa gida biyu a littafinsa Zadul Ma'ad: wadda ke zuwa daga miyagun ruhohi, da wadda ke zuwa daga lalacewar abin da ke cikin jiki, wadda ya ce ita ce likitoci ke magana a kan sababinta da maganinta. Har ya ce mai yiwuwa ciwon matar nan daga kashi na biyu yake. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428, ya yi wa farfaɗiya babi a cikin Alƙanun a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa. Ke nan wanda ya kai ɗansa asibiti bai saɓa wa magabata ba. Mun yi imani da samuwar aljanu kamar yadda Alƙur'ani ya tabbatar, amma babu malamin da ke da ikon duban mutum ya yanke cewa faɗuwarsa ta aljani ce tun ba a duba ƙwaƙwalwarsa ba.

Yaushe ake cewa ciwon ya ƙi jin magani?

A shekarar 2000 wasu likitoci biyu, Kwan da Brodie, suka fitar da sakamakon bibiyar marasa lafiya a birnin Glasgow na Birtaniya. Cikin waɗanda ba su taɓa shan magani ba, kashi 47 cikin 100 ciwon ya daina tashi da maganin farko, wasu kashi 13 kuma da na biyu. Daga nan adadin sai ya yi ƙasa sosai. A dunƙule, kusan mutum biyu cikin uku sun samu lafiya, ɗaya ya rage yana fama. A 2010 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta tsayar da ma'auni: ana cewa farfaɗiya ta ƙi jin magani idan an gwada magunguna biyu da suka dace da nau'in ciwon, aka sha su daidai adadi, daidai lokaci, tsawon lokacin da ya isa, jiki kuma ya karɓe su, amma ciwon bai daina tashi ba.

Ku lura da sharuɗɗan nan, domin da yawa daga waɗanda ake cewa ciwonsu ya gagara a unguwanninmu bai gagara ba. Likita nagari yakan fara tambayar abubuwa biyar.

Na ɗaya, shin farfaɗiya ce ma kuwa? Akwai suma ta ciwon zuciya, da ta faɗuwar sukari, da faɗuwar da damuwa da firgici ke jawowa, wadda maganin farfaɗiya ba ya yi mata komai. Shi ya sa ake yin awon wutar ƙwaƙwalwa da ake kira EEG, wani lokaci da hoton sikana ko na IRM. In wani a gida ya ɗauki bidiyon tashin ciwon da waya, bayan an suturta mai ciwon kuma don likita kaɗai, wannan yana taimakawa ƙwarai.

Na biyu, shin maganin ya dace da nau'in ciwon? Kabamazefin, wanda aka sani da Tégrétol, yana da kyau ga ciwon da ke tasowa daga sashe guda, amma yana iya tsananta nau'in nan na yin shiru da na zabura.

Na uku, shin adadin ya isa? Yaron da aka rubuta wa magani yana da kilo 15, yanzu ya kai 25, ana nan ana ba shi abin da aka rubuta tun farko, dole ciwo ya dawo.

Na huɗu, shin ana sha kullum? Wanda ke sha kwana ashirin ya tsaya kwana goma har kuɗi su samu, ba za a ce magani ya gaza a kansa ba.

Na biyar, shin maganin na gaskiya ne? Kowa ya san kasuwar Roxy a Adjamé, inda hukuma ta sha kai samame tana kwashe magunguna. Ƙwayar da ta wuni a rana bisa tire, ko wadda alli ne kawai aka dunƙula, mai ciwon kai yana iya sha ya tsira, amma mai farfaɗiya da ya dogara da ita kamar wanda ya ajiye magani ne gaba ɗaya. Araha ba ta ado. A saya a kantin magani mai lasisi, da takardar likita.

Sai kuma abubuwan da ke tayar da ciwon: rashin barci, zazzaɓi, giya, da ƙwayar taramol da samari ke sha don ƙarfin aiki. Taramol kaɗai tana iya jefa mai lafiya cikin jijjiga, balle mai farfaɗiya.

Ma'anar ƙarin magani

Idan an duba duk waɗannan kuma ciwon yana nan, likita yana da hanya biyu: ya sauya maganin da wani, ko ya bar na farko ya ɗora wani a kansa. Wannan na biyun shi ake kira ƙarin magani. Ana yawan zaɓarsa idan na farko ya rage ciwon kuma jiki ya karɓe shi, sai dai bai gama aikin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hikimar haɗin ita ce magungunan ba ta ƙofa ɗaya suke aiki ba. Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar mota mai totur da birki. Wasu magunguna, irin su kabamazefin da lamotirijin, suna rage gudun wutar da ke bi ta jijiya, wato suna sassauta totur. Wasu, irin su fenobabital da kulobazam, suna ƙarfafa birkin da Allah Ya halitta a cikin ƙwaƙwalwa. Lebetirasetam kuwa yana aiki ne a bakin jijiya, inda ake sakin sinadarin da ke kai saƙo. Saboda haka likitoci sun fi son haɗa biyu masu hanya daban. In aka haɗa biyu masu hanya ɗaya, sau da yawa jiri da gani biyu-biyu ne ke ƙaruwa fiye da amfani.

Tsofaffin magunguna huɗu ne aka fi farawa da su a ƙasashenmu. Fenobabital, wato Gardénal, tun 1912 ake amfani da shi, kuma shi ne mafi araha. Fenitoyin ya zo a 1938. Kabamazefin da falfurowat, wato Dépakine, sun shigo a shekarun 1960. Waɗanda aka fi ɗorawa a kansu kuwa su ne:

Lamotirijin, wato Lamictal. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, a matsayin ƙari ga ciwon da ya ƙi ji. Haɗinsa da falfurowat yana daga cikin haɗin da aka fi ganin amfaninsa. Amma falfurowat yana hana shi fita daga jiki da sauri, don haka ake farawa da ɗan kaɗan ƙwarai, ana ƙarawa mako-mako. Wanda ya yi gaggawa yana iya jawo ƙuraje masu saɓule fata da baki da ido, masu iya kisa. Duk ƙurjin da ya fito a watanni biyu na farko, a je asibiti a ranar, kada a kwana. Sannu ba ta hana zuwa.

Lebetirasetam, wato Keppra. Amurka ta amince da shi a 1999, ya shiga jerin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023. Kyansa shi ne ba ya rikici da sauran magunguna. Aibinsa shi ne yana sa wasu saurin fushi ko baƙin ciki. In yaro mai sanyin hali ya zama mafaɗaci bayan an fara masa, a sanar da likita, kada a ce iskokinsa ne suka motsa. Mai ciwon ƙoda ana rage masa adadi.

Kulobazam, wato Urbanyl. Yana aiki da sauri, yana sa barci, kuma a wajen wasu ƙarfinsa na raguwa bayan watanni.

Tofiramet, wato Epitomax. Yana da ƙarfi, amma yana rage cin abinci, yana sa kalma ta ɓace wa mutum a baki, yana iya jawo tsakuwar ƙoda, yana kuma rage gumi ga yara. A zafi irin na Abidjan mai shansa ya yawaita shan ruwa.

Akwai sababbi kamar Vimpat da Fycompa, da kuma senobamet wanda Amurka ta amince da shi a 2019, Turai kuma a 2021. A gwajin da aka yi masa, kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka sha adadi mafi girma ciwonsu ya tsaya a lokacin gwajin, alhali mutane ne da magunguna da yawa suka gaza a kansu. Sai dai sababbin nan suna da tsada. Haka nan wasu sun ji labarin wani mai da aka tace daga ganyen wiwi, Epidiolex, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'i biyu masu tsanani da ke kama yara. Wannan sinadari ne guda da aka ware, ba ya sa maye, likita ne ke auna shi. Ba hujja ba ce ga mai busa wiwi, wiwi tana nan a haramcinta.

Gaskiyar da ya kamata iyaye su sani ita ce, bayan magani biyu sun gaza, waɗanda ke warkewa ƙaf da na uku ba su da yawa. Amma raguwa ma babbar ni'ima ce. Wanda ciwonsa ke tashi sau takwas a wata ya koma sau ɗaya, ya samu damar karatu da sana'a, haɗarin ƙonewa da nutsewa ya ragu. Akwai kuma mutuwar farat ɗaya da ke samun masu farfaɗiya, galibi cikin barci, wadda ta fi yawa ga masu yawan jijjigar da ta game jiki. Duk tashi ɗaya da aka hana, an rage wannan haɗari da izinin Allah.

Hanyar da za a san ko ƙarin ya yi amfani ita ce rubutu. A sami ɗan littafi, a riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi, da lokacin, da tsawonsa, da abin da ya gabace shi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Da wannan littafin likita zai yanke hukunci, ya ƙara, ko ya rage, ko ya janye.

Gargaɗi ga mata da masu shan wasu magunguna

Falfurowat yana da haɗari babba ga ɗan tayi. Kimanin jariri 1 cikin 10 da uwarsa ta sha shi da ciki yana zuwa da naƙasa a halitta, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 suna samun jinkirin magana ko fahimta. Wannan ya zama babbar shari'a a Faransa. Tofiramet da fenobabital ma suna da nasu haɗarin. Lamotirijin da lebetirasetam su ne aka fi samun natsuwa da su. Don haka budurwar da ake shirin aurarwa, da matar da ke son haihuwa, su ga likita tun kafin ciki ya shiga, a gyara magani, a ba su ƙwayar folik asid. Wadda ta wayi gari da ciki kada ta ajiye magani da kanta, domin jijjiga na iya halaka ta da abin da ke cikinta, ta gaggauta zuwa asibiti. Mafi yawan mata masu farfaɗiya suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, suna kuma shayarwa. Game da aure, nasiharmu ita ce a faɗi gaskiya tun wajen nema, domin amaryar da aka ɓoye ciwonta ita ce ke ɓoye ƙwayoyinta, daga nan ta daina sha.

Sa'an nan fenobabital da fenitoyin da kabamazefin suna sa hanta ta ƙone wasu magunguna da sauri. Suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu, da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, da Coartem na zazzaɓin cizon sauro. Duk inda mai farfaɗiya ya je neman magani, ko na mura ne, ya faɗi abin da yake sha. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe, a sanar da likita, kada a ji kunya.

Ruƙya, azumi da salla

Ruƙya da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata halal ce, kuma alheri ce ga kowane mara lafiya. Ba ta karo da ƙwaya. A yi addu'a, a sha magani, duka biyun sababi ne, mai warkarwa Allah ne. Abin da muke jan kunne a kai shi ne mai ruƙyar da zai ce sai an ajiye maganin asibiti aikinsa zai ci. Yanke fenobabital ko kulobazam rana ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa ko ta kashe. Wanda ya ba da wannan umarni ba tare da sani ba, ya ji tsoron Allah, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da shi ba, lamuni yana kansa. Dukan mara lafiya, da shaƙa masa hayaƙin barkono, da ɗaure shi da mari, zalunci ne, ba su da asali a sunna.

Game da azumi, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama. Wanda ciwonsa ya daɗe bai tashi ba, kuma maganinsa sau ɗaya ne ko biyu a yini, sau da yawa likita yakan iya mayar masa da shi sahur da buɗa baki. A je a yi wannan shawara tun cikin Sha'aban. Amma wanda muke magana a kansa, mai shan magani biyu ko uku kuma ciwon bai kwanta ba, ko wanda ake tsakiyar daidaita masa sabon ƙari, in likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, to ya karɓi sauƙin Ubangijinsa. In ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwa wajibi ne a kansa a mazhabarmu ta Malikiyya. In ciwon ya zama na dindindin, babu ranar ramuwa, sai ya ciyar. Kuma ya kula da barci, domin raya dare har asuba sa'an nan a fita kasuwa yana tayar da ciwon. Gushewar hankali tana warware alwala. Sallar da lokacinta ya fita gaba ɗaya yana cikin suma babu ramuwarta a kansa a wurin Malikiyya, sai wadda ya farfaɗo a cikin lokacinta.

Idan ciwo ya tashi a gabanka

Ka kawar da wuta da ruwan zafi da duk abin da zai ji masa rauni. Ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, ka sassauta wuyan rigarsa, ka suturta shi. Kada ka danne shi, kada ka cusa cokali ko yatsa a bakinsa, ba ya haɗiye harshensa. Kada ka ɗura masa ruwa ko rubutu ko manja, domin huhu za su tafi. Da jijjigar ta lafa ka juya shi ya kwanta a gefensa, ka zauna da shi har ya dawo hayyacinsa, ka kori 'yan kallo. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko mace ce mai ciki, ko ya ji rauni, a kira 'yan kwana-kwana a 180 ko motar asibiti a 185, ko a garzaya da shi sashen gaggawa mafi kusa, kamar na babban asibitin CHU na Treichville. Wanda ciwonsa bai kwanta ba kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya hau gini, kada ya tsaya shi kaɗai a kan tukubar tsire ko kaskon suya, kada ya zauna a bakin jirgin ruwa in zai ƙetare lagun.

In magunguna sun gaza

Wanda magani biyu suka gaza a kansa ya cancanci ganin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin waɗanda ke sashen jijiyoyi na CHU ta Cocody. In hoto ya nuna tabo a wuri guda, akwai waɗanda tiyata ke yi wa amfani. A wani gwaji da aka yi a Kanada aka buga sakamakonsa a 2001, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun shekara ba tare da tashin da ke gusar da hankali ba, a waɗanda suka ci gaba da magani kaɗai kuwa kashi 8 ne. Akwai kuma wani tsarin abinci mai yawan mai da ƙarancin tsaki da ake yi wa wasu yara tun shekarun 1920, wanda ba a yinsa sai ƙarƙashin kulawar asibiti.

Haƙƙin da ke kan jama'a

Babban abin da ke karya mutanenmu kuɗi ne. Maganin farko mai araha ne, ƙarin kuwa yakan ninka shi sau da yawa, kuma kowane wata ne. Don haka mara lafiya ya faɗa wa likita ƙarfin aljihunsa tun kafin a rubuta, domin maganin da za a iya saye kullum ya fi mai tsadar da za a sha wata ɗaya a tsaya. Ya tambayi mai kantin ko akwai irinsa na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, in ya samu wanda ya karɓe shi ya dawwama a kansa. Ya yi katin CMU, wanda kuɗinsa jaka ɗaya ce ta sefa a wata, ya tambayi abin da katin ke ɗauke masa. Ya sayi na wata mai zuwa tun da sauran na mako guda a hannu, in kuma zai yi tafiya gida Nijar ko Najeriya, ya ɗauki abin da zai ishe shi har ya dawo, tare da takardar likita.

Mu kuma, kwamitocin masallatai da 'yan kasuwarmu na Adjamé da Treichville, talakan da ya kasa sayen maganin ɗansa yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Attajiri ɗaya yana iya ɗaukar nauyin maganin yaro ɗaya shekara guda ba tare da ya ji a jikinsa ba, a yi shi a asirce don kare mutuncin gidan. Malaman makarantun allo da na Islamiyya kada su kori ɗalibi saboda ya faɗi a aji, su koya wa sauran yara yadda za su taimake shi. Limamai su faɗi wannan a kan mumbari, domin akwai gidajen da ba za su kai ɗansu asibiti ba sai sun ji daga bakin liman.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, Ya saka wa iyayen da ke jinya da mafificin alheri, Ya yi wa likitocinmu jagora. Allah ne Mafi sani.